Zaren Awon Motar Sojoji

Ƙanena kurma ne. Yana goye sanƙarau ya kama shi, ya tashi amma jin bai dawo ba, maganar ma ba ta zo ba. Mu biyu muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, kuma tun da ta rasu ni kaɗai na rage mai gane maganar hannunsa ciki da waje. Mutanen ƙauyenmu sun iya tambayarsa nawa ne mazurari, sun iya ce masa ya zo ya ci tuwo, iyakarta ke nan. Da zance ya yi tsawo sai ka ji an ce a bari Malama ta zo. Ni ce Malamar. Ina koyarwa a wata firamare a cikin Malumfashi, shi kuwa yana gida, can bayan Dayi, shi da gwaggonmu.

Sana'arsa ƙirar gwangwani. Mazurari, tiya, murhun gawayi, liƙin buta da bokiti, duk aikin hannunsa ne, da shi yake riƙe kansa har da gwaggo. Amma abin da ransa yake so daban ne. Tun muna yara yake motar kara, ya koma ta langa-langa, waɗanda suka yi tare da shi suka girma suka bari, shi bai bari ba. Ga furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma ka shiga rumfarsa da yamma sai ka same shi ya duƙufa a kan wani ɗan gingimarin ɗaukar auduga da bai wuce tsawon hannu ba. Na yi faɗan har na gaji. In ce masa ƙato da kai, sa'o'inka suna aurar da 'ya'ya kai kana wasan yara. Sai ya ɗaga kai ya dube ni, ya yi dariya, ya koma kan dalmarsa.

Ba ya ƙera mota da ka, sai ya auna ta gaske. Bai yi makaranta ba, babu ruwansa da tef ko lamba, da zare yake awo. Zai ja zare daga hancin mota zuwa bayanta ya yanke, ya ja wani a faɗinta ya yanke, wani a tsayin taya, wani a ƙofa, har ya gama ta kaf. Don kada su rikice masa, kowane zare da alamarsa a baki: wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu, wani uku a haɗe da ɗaya a ware. Baƙin zare na awon kwance ne, ja na tsaye. In ya koma rumfa sai ya ninka zaren biyu, ya sake ninkawa, har sau huɗu, abin da ya rage a hannunsa shi ne awon 'yar motar. Shi ya sa in ya gama sai ka ga kamar ta gasken ce aka wanke ta tsuke. Na sha ganin zaruruwan nan rataye a ƙusa a rumfarsa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai shekarun nan suka zo da ɓarayin daji suka hana mu sakat. Bayan an shiga ƙauyen da ke gaba da namu an kwashe shanu da mutane, aka kawo sojoji aka ajiye a mararrabar da ke bakin kasuwarmu, a gindin wata tsamiya. Suka zo da wata mota da ba mu taɓa ganin irinta ba. An ce ta sintirin sahara ce, daga can bakin iyaka aka ɗauko ta. Kalar yashi gare ta, ba rufi sai wasu ƙarafa da suka gitta a sama, tayoyi manya-manya, bindiga a kafe a tsakiya, jarkoki a jere a gefe, ga shebur, ga wasu falankin ƙarfe masu huji-huji da ake shimfiɗa mata in ta kafe a rairayi. Tsakiyar damina ce, dawa da masara sun yi kore shar, ita kuwa ga ta nan kamar an ɗaure raƙumi a fadama. Gwaggo ta ce ranar da ƙanena ya fara ganinta ko tuwon kirki bai ci ba.

Sojojin suka saba da shi nan da nan. Ya liƙe musu butar shayi, ya gyara musu murhu, ya kawo gingimarinsa ya nuna musu, suka gane abin da yake nema. Suka bar shi yana awonsa suna dariya, har wani a cikinsu yana riƙe masa bakin zare.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada na je gida, ya ja ni rumfa ya yaye wani buhu, sai ga 'yar motar sojojin nan. Ni mai faɗan sai da na ce kai! Jikin ya yi shi da gwangwanin madara, ƙarafan sama da wayar ƙafar keke. Tayoyin daga tsohon silifa ya yanko su, har ya bi da wuƙa ya fitar da zanen ƙasan taya. Jarkokin 'yan mitsi-mitsi, kowace da murfinta. Bindigar kuwa eriyar rediyon gwaggo ce da ta daɗe tana nema. Fentin ne ya fi ba shi wuya. Ya haɗa fari da ruwan ƙasa, ya shafa a guntun kwano, ya kai jikin motar ya gwada, ya dawo ya ƙara, har sai da suka zama ɗaya. Ya kife 'yar motar ya nuna mini ƙasanta fayau, ya ce saura nan. Na ce to wa zai leƙa ƙarƙashin motar wasa? Ya nuna ƙirjinsa.

Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, a cikin makon nan aka canja sojojin. Motar ta zauna, mutanen suka sauya. Shi kuwa ba ya jin labarin gari, kuma ba wanda ya yi tunanin gaya masa.

Ranar kasuwa ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce a wayar maƙwabta, tana kuka tana magana, abin da na iya tsinta shi ne sojoji, zare, an ce asiri ne, za su kashe shi. Na ajiye alli na fita, ko hedimasta ban yi wa sallama ba, na tare ɗan acaɓa. Muna tafe maganar zaren nan tana yi mini yawo a kai, sai na ga abin da idon wani: mutum a jikin motar sojoji da baƙin zare da ja, duk ƙulle-ƙulle. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, mai zuwa masallaci ne ko mai zuwa majami'a, ya san abin da ake yi da zare mai ƙulli. Ni kaina da a ƙofar ɗakina na wayi gari na ga irinsa, ba zan taɓa shi da hannu ba. Na ce wa ɗan acaɓa mu fara biyawa ta gida. Na shiga rumfa na ɗauko 'yar motar, na naɗe ta a mayafina.

Da muka isa mararraba, kasuwa ta watse gaba ɗaya ta dawo gindin tsamiya. Kafin in kutsa ciki wata mai sayar da daddawa ta ba ni labarin a tsaitsaye. Da safe ya zo da zarensa ya shige ƙarƙashin motar. Wani soja ya hango ƙafafu, ya daka tsawa, shiru, ya sake dakawa, shiru. Allah ya sa mai haƙuri ne bai harba ba, suka jawo shi ta ƙafa. Ana cikin haka aka kira sojojin wai an ga ɓarayi a bayan wani ƙauye. Direba ya murza makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Motar da jiya lafiyarta lau. Sai da wasu sojojin suka hau babura suka tafi. Shi ke nan magana ta bazu a kasuwa: an ɗaure mota, ɓarayi ne suka turo shi, sun zaɓi kurma don ba ya iya tona su.

Na same shi zaune a ƙasa, leɓensa a fashe, riga a yage. 'Yan sa-kai sun ɗaure masa hannu ta baya. Yana ganina ya yi murmushi. Murmushi fa! Ya dubi ƙunshin da ke hannuna ya gyaɗa kai, kamar wanda aka zo taya murna. Wayyo, na ce a raina, bai ma san me ake ciki ba.

"Wane mara imanin ne ya ɗaure masa hannu?" Na faɗa da ƙarfi, har na baya suka ji.

Shugaban 'yan sa-kai ya matso. Tare muka yi ɗiban ruwa da shi muna yara, kuma bara ɓarayin daji suka tafi da ƙanensa, har yau ba labari. Ya ce, "Malama, ki bi a hankali. Yau ba ranar bakinki ba ce."

Na ce, "Kai ba ka san shi ba? Tun yana yawo ba wando ka san shi. Butar da kake alwala da ita wa ya liƙe maka?"

Ya ce, "Na san shi. Wanda ya nuna musu gidanmu ma ai na san shi."

Maganar ta dake ni, amma zuciyata ta riga ta hau, kuma kowa ya san ni, in na fara ba na tsayawa. Akwai abin da ya zo mini baki wanda da na faɗe shi da ba a rabu lafiya ba. Sai na sake duban ƙanena, yana nan yana ta murmushinsa. Na ce tun da bai gane ba, kada in tayar da hankali ya gani a fuskata ya firgita. Na haɗiye maganar.

Na juya wurin shugaban sojojin. Yaro ne, da na haifa da wuri da ya yi ɗana, idanunsa jajur don rashin barci. Mai unguwa yana tsaye kusa da shi. Na durƙusa na gaida mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ka sa baki." Na ce wa sojan, "Yallaɓai, ni ce yayarsa. Hannun nan shi ne bakinsa. An ɗaure masa baki ana cewa ya ƙi magana."

Ya dube ni ya ce, "Mama, bari in gaya miki gaskiya. Ni ba ruwana da zancen asiri. Abin da na sani, na sami mutum a ƙarƙashin motata, kuma motata ta ƙi tashi. Na kira bakanike daga Funtua. In ya ce hannu ne ya taɓa ta, zan tafi da shi Katsina a bincike shi. In ma na ce zan bar shi a nan, kin ga mutanen."

Na ga mutanen. Na kuma san in aka tafi da shi, a can wa zai gane hannunsa? Za a yi ta tambaya yana kallonsu, a ce taurin kai ne.

Sojan ya sa aka kwance shi. Ƙanena ya murza wuyan hannunsa, ni kuwa na warware mayafi na ajiye 'yar motar a ƙasa. Wurin ya ɗauki guna-guni, na baya suna ɗage. Zaruruwan suna gefe, an kife su da wani tsohon kasko don ba mai son taɓawa. Na ce masa da hannu ya nuna musu yadda yake yi. Ya ɗaga kaskon ya zaro baƙi mai ƙulli ɗaya, ya miƙa wa shugaban sojojin baki guda ya nuna masa hancin mota, shi ya ja zuwa baya. Zare ya ƙare daidai inda mota ta ƙare. Ya dawo ya tsuguna, ya ninka, ya ninka, ya ninka, ya ninka, ya shimfiɗa a jikin ƙaramar. Cif. Ya ɗauko ja ya yi na taya, shi ma haka.

Sojan ya tsuguna da kansa ya zaro wani daga tsakiya, ya ce, "Wannan fa?" Ƙanena ya shafa ƙullin ya nuna mariƙin shebur. Sojan ya je ya gwada, ya dawo ya ninka da hannunsa, ya ɗora a kan ɗan shebur ɗin gwangwani. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya danne. Ƙanena ya ware zaruruwan da ya auna da safen, ya kife motarsa ya nuna ƙasan da ba komai, ni kuma ina fassarawa da ƙarfi don kowa ya ji.

Mata suka fara cewa ai dama mun faɗa, bawan Allahn nan me ya sani. Har na fara sauke numfashi, sai shugaban 'yan sa-kai ya ce, "To, mun gani. Awo ne. Motar fa? Ta tashi mana."

Muka zauna jiran bakanike.

Ban taɓa ganin wuni mai tsawon wannan ba. Rana ta take, hadari ya haɗo ya watse, masu tumatir sun bar kayansu yana laushi ba wanda ya koma. Na yi addu'a a kan marasa lafiya, na yi a kan jarrabawar yara, amma ran nan ne na fara roƙon Ubangiji a kan inji. Ina cewa ya Allah, ko mene ne a cikin ƙarfen nan, ka sa ya zama abin da ido zai gani. Shi kuwa gogan yana zaune kusa da ni yana kallon babbar yana kallon ƙaramar, har ya taɓo ni ya nuna mini wai madubin gefe bai zauna daidai ba, sai ya sake shi. Na rasa ko in yi kuka ko in kai masa ranƙwashi.

Wajen la'asar bakaniken ya iso a kan babur, wani gajere mai jakar buhu, gaisuwar ma a gajarce ya yi ta. Ya buɗe gaban motar ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya sa direba ya murza, ya girgiza kai. Ya tuɓe riga ya zura hannu can ciki har kafaɗa. Sai ya zaro hannunsa cike da tarkace: ɓawon gyaɗa, gashin masara, tsumma, da 'ya'yan ɓera jajaye suna motsi. Ya sake zurawa ya jawo wata waya da aka gwaigwaye ta har ta rabu biyu, ga sawun haƙori a jiki.

Ya ɗaga ta sama ya ce, "Wa yake cin gyaɗa a motar nan?"

Sojoji suka dubi juna. Bakaniken ya fere wayar ya haɗa, ya naɗe, ya ce a murza. Ta yi tari sau ɗaya, ta sake yi, sai ta ɗauka da wani irin ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu. Ni dai ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Na zauna daɓas a ƙasa ina cewa na gode, na gode. Ƙanena ya ɗora tafin hannunsa a ƙasa, ya ji tana rawa, ya dube ni.

Wani daga baya ya ce ai ɓeran ma turo shi aka yi. Aka yi masa ca, wasu suna dariya har da riƙe ciki, mai unguwa ya ce ya rufe wa mutane baki. Ana haka sojojin da suka tafi a babura suka dawo, ashe masu neman itace aka gani. Jama'a suka fara zamewa kowa ya nufi kayansa, wasu ba sa iya haɗa ido da ni. Shugaban 'yan sa-kai ya zo ya tsuguna a gaban ƙanena, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, "Malama, ki gaya masa..." Sai ya kasa ƙarasawa. Na ce, "Bar shi, ya gani."

Shugaban sojojin ya tattara zaruruwan da kansa ya miƙa wa ƙanena, ya ce in gaya masa kada ya ƙara shiga ƙarƙashin motar kowa sai ya nemi izini. Na ce wannan ko bai faɗa ba ni zan faɗa.

Muka kama hanyar gida ta cikin gonaki, yana gaba rungume da motarsa, ina biye. Da muka yi nisa, ba kowa sai dawa hagu da dama, duk abin da na haɗiye tun safe ya taso. Na sha gabansa na fara zuba masa da hannu. Na ce kai wane irin mutum ne? Ka san abin da aka so yi maka yau? Mutane sun taru a kanka, kai kana ta washe baki kana zancen madubi!

Ya tsaya. Ya sunkuya ya ajiye motar a gefen hanya, don maganar tana son hannu biyu. Da ya ɗago babu murmushin nan ko kaɗan. Ya kwatanta mini da hannu wani mutum a bayan tsamiya da kwalbar fetur, ashana a aljihunsa. Ya nuna masu gora, inda kowanne ya tsaya. Ya nuna wani mai adda a cikin riga, wanda ni ko ganinsa ban yi ba. Ya ce tun kafin in zo ya gan su duka, ya san na mene ne. Yana fara magana ta kuɓuce masa ya sake farawa. Tun da nake da shi ban taɓa ganin yana in'ina ba sai ran nan.

Na ce to murmushin na mene ne?

Ya ce ya ga fuskata lokacin da na kutso cikin taron. Ya ce da na ga yana jin tsoro da na zage su, kuma da da ni za su fara.

Na zauna a kan kunya na yi kuka mai isata, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ya tsuguna kusa da ni ya jira. Da na gama ya miƙo mini mayafina na share fuska, ya ɗauki motarsa, muka tafi gaya wa gwaggo ta ɗora tuwo.